Yadda Ake Koya wa Magani Ratsa Majinar Hanji

[Kiɗan buɗe shiri]



Duk gidan da ke da mai ciwon suga wanda ciwonsa ya kai ga allura, an san wannan tambaya. Farasitamol haɗiyewa ake yi. Maganin zazzaɓin cizon sauro haɗiyewa ake yi, na hawan jini ma haka. To me ya hana a yi wa insulin ƙwaya, mutum ya afa ya kora da ruwa, ya huta da sukar allura safe da yamma?

Ba sakaci ba ne, kuma ba yau aka fara nema ba. A shekarar 1921 Frederick Banting da Charles Best suka tsamo insulin a Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada. A watan Janairun 1922 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14 mai suna Leonard Thompson allurarsa, yaron da ciwo ya riga ya kai gargara, ya kuwa farfaɗo. Ba a jima ba likitoci suka gwada ba marasa lafiya shi ta baki. Suga ko gezau. Yau sama da shekara ɗari ke nan, har yanzu babu kantin magani a duniya da za ka shiga ka sayi ƙwayar insulin ta haɗiya.

Kuma masu jira suna da yawa. Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 manya miliyan 537 ne ke da ciwon, kimanin miliyan 24 daga cikinsu a Afirka kudu da hamada. Ba dukansu ke buƙatar insulin ba, amma wanda ke buƙata a wajenmu ya san wahalar: ga kuɗin sirinji, ga neman firji a garin da wuta ba ta zama, har wasu kan ajiye kwalbar a gindin randa don ta sami sanyi. Ba insulin kaɗai ba ne ma. Akasarin sabbin magungunan da ake yi da furotin, na daji da na amosanin gaɓɓai da sauransu, duk ta allura suke shiga jiki.

Abin da ke hana su bi ta baki shingaye ne uku. Na farko za mu wuce shi da sauri, don an daɗe da sanin dabararsa. Insulin furotin ne, kamar yadda nama da wake da ƙwai suke furotin, kuma aikin ciki ke nan, narkar da furotin. Ruwan tsami na tumbi da sinadaran narkar da abinci ba su san wannan magani ne wancan tsire ne ba, duk daddatsa su suke yi. Maganin wannan shi ne a zuba maganin a kwanson da ba ya narkewa a cikin tsami, sai ya gangara ƙaramin hanji inda tsamin ya ragu sannan ya buɗe. Masu shan omefirazol saboda gyambon ciki, 'yan ƙananan tsabar da kuke gani idan kun buɗe kwanson, kowace tana sanye da irin wannan lulluɓi. Shi ya sa ake hana tauna su ko niƙa su a cokali. Wanda ya niƙa ya miƙa wa tsamin ciki maganinsa ne kawai.

Shinge na uku shi ne bangon hanjin kansa. Za mu zo kansa. Zancenmu na yau ya fi karkata ga na tsakiya, wanda aka daɗe ana raina shi: majina.

Mun saba da majinar hanci da ta ƙirji, mukan ɗauka alamar ciwo ce. A gaskiya mai lafiya ƙalau ma cikinsa shafe yake da ita, tun daga maƙogwaro har dubura. Sai dai ba mu cika ganinta ba sai atini ya kama mutum ta fito a bayan gida. Ƙaramin hanji tsawonsa ya kai kimanin mita 6, cikinsa kuma ba sumul yake ba, cike yake da 'yan tsirai ƙanana masu yawan gaske, waɗanda in da za a baje su, faɗin wurin zai kai wajen murabba'in mita 30. Duk wannan fili, abin da ya raba jininka da abin da ka ci sahu ɗaya ne tak na ƙwayoyin halitta. Sahu ɗaya. A ɗaya gefen kuwa akwai barkono, da ƙashin kifi, da ruwan maɗaciya, da ƙwayoyin bakteriya da ba sa lissafuwa. In ba don majina ba, da wannan bango bai kwana ba.

Kimanin kashi 95 cikin ɗari na majina ruwa ne. Abin da ke ba ta yauƙi wasu dogayen zare ne na furotin da ake kira miyusin, waɗanda wasu ƙwayoyin halitta masu siffar kofi da ke cikin bangon hanji ke fitarwa dare da rana. Kowane zare jikinsa cike yake da rassan sukari, kuma zarurrukan suna ɗaure da juna ta hanyar ƙulli na sinadarin ƙibiritu, sai abin ya zama raga. Ramukan ragar ƙanana ne ƙwarai. Ruwa da gishiri da narkakken abinci suna wucewa, farasitamol ma yana wucewa, amma babban abu ba ya samun hanya.

Ƙanƙantar rami ba ita kaɗai ce matsalar ba, kuma a nan nake so a ba ni kunne. Zaren kansa kama abu yake yi, ta hanya biyu. Cajin lantarki iri biyu ne, fozitif da negatif, waɗanda kuke ganin alamarsu a jikin batir, kuma masu bambanci jan juna suke yi. Rassan sukarin miyusin cajinsu negatif ne, saboda haka duk abin da ya zo da fozitif sai ya manne. Sannan a tsakanin rassan akwai wasu gurabe tsirara masu son maiƙo, su kuma suna kama duk abin da jikinsa ke da maiƙo ko yake gudun ruwa. Kamu ɗaya ba shi da wani ƙarfi. Amma idan abu ya taɓa zare goma ko ashirin a lokaci guda, kafin wannan ya saki wancan ya kama, to ya tsaya ke nan.

Ƙari a kan haka, majinar ba a zaune take ba. Ana fitar da sabuwa daga ƙasa, tsohuwar da ke sama tana saɓulewa tana bin abinci zuwa waje, cikin 'yan sa'o'i an sake ta. A 2008 Malin Johansson da Gunnar Hansson na Jami'ar Gothenburg a Swidin suka nuna cewa a babban hanji hawa biyu ce: ta waje sako-sako, inda bakteriya ke zaune suna ci daga sukarinta, da ta ciki mai kauri wadda kusan babu bakteriya ko ɗaya a cikinta. Ɓerayen da aka hana jikinsu yin miyusin ɗin hanji kuwa, hanjinsu kumbura yake yi, daga baya daji ya biyo. Ku riƙe wannan, za mu buƙace shi nan gaba.

Ƙwayoyin cutar da suka ci nasara a kanmu, duk sai da suka koyi yadda ake yi da majina. Ƙwayar da ke haddasa yawancin gyambon ciki, wadda Barry Marshall na Ostireliya ya kurɓa da kansa a 1984 don ya gamsar da likitocin da suka ƙi yarda da shi, kuma shi da Robin Warren suka karɓi kyautar Nobel a kanta a 2005, dabararta ita ce ta fitar da sinadarin da ke kashe tsamin da ke kewaye da ita. Da tsamin ya ragu sai majinar wurin ta tsinke, ita kuma ta yi iyo ta wuce. Ƙwayar kwalara tana da wutsiyar iyo, tana kuma da sinadarin yanka zaren miyusin. Magani ba shi da wutsiya, ba ya iyo. Inda aka ajiye shi nan yake, sai abin da girgizar ruwa ta yi da shi.

[Gajeren kiɗa]

Masu sauraro, in yanzu kuka kama tashar, muna magana ne a kan majinar hanji da yadda take tare magani.

Dabarar da masana suka fi sa rai a kanta ita ce a ƙulle maganin a cikin wasu 'yan ƙulle-ƙulle da ido ba ya gani, waɗanda ake yi da kitse ko da wata irin roba mai narkewa a jiki. Ana auna su da nanomita. A raba milimita ɗaya gida miliyan, kashi ɗaya shi ne nanomita. Kaurin silin gashin kai ya kai wajen nanomita 80,000, ƙwayar jan jini kuma wajen 7,000 zuwa 8,000. Ƙullin da muke magana a kai yawanci tsakanin 100 ne da 500. A cikinsa magani ya ɓuya daga sinadaran narkar da abinci. Saura tambaya ɗaya: da me za a lulluɓe bayansa?

Amsar farko da aka bayar, wadda ta yi tashe tun daga shekarun 1980 zuwa 1990, ita ce a sa shi ya manne wa majinar da gangan. Hujjar ba ta da laifi a kunne. Abinci ba ya daɗewa a ƙaramin hanji, 'yan sa'o'i ne ya wuce, to in ƙulli ya kama bango ya tsaya, zai sami lokacin sakin maganinsa. Aka yi ta lulluɓe su da kitosan, wani sinadari da ake samu daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa, wanda cajinsa fozitif ne. Ya kuwa manne yadda ake so.

Sai dai ina ya manne? Duk wanda ya ratsa fako da kaka ya san ƙarangiya. Tana kama bakin riga ta riƙe gam, amma rigar ta kama, ba fata ba, kuma da ka tuɓe rigar ta tafi da ita. Haka ƙullin mai mannewa yake yi. Yana kama majinar sama, wadda ita ce ake gab da zubarwa, sai ta saɓule ta fita da shi bai ko kusanci bango ba. Ba ina cewa an yi asarar waɗannan shekaru ba ne. Kitosan yana da wani amfani, yana ɗan sassauta haɗin da ke tsakanin ƙwayoyin bangon hanji, kuma har yanzu ana aiki da shi. Amma riƙo da majina daban, isa ga bango daban.

Waɗanda suka juya tunanin suna Jami'ar Johns Hopkins ne a birnin Baltimore na Amurka, kuma daga bairos suka koya. A 2001 ɗakin binciken Richard Cone ya zuba abubuwa iri-iri a majinar ɗan Adam yana kallon tafiyarsu a madubin ƙara girma. 'Yan ƙwallayen roba, har masu ƙanƙanta sosai, duk suka maƙale. Amma ɓawon bairos ɗin Norwalk mai sa amai da gudawa, mai girman nanomita 38, da na bairos ɗin da ke jawo dajin bakin mahaifa, mai girman 55, suka wuce kamar a ruwa suke. Dalili shi ne bayansu cike yake maƙil da caji, fozitif da negatif gefe da gefe, kusan daidai wa daida. Saboda sun yi kunnen doki zaren miyusin ba ya jan su, saboda cajin ya yi yawa kuma ruwa ya rungume su, babu wani gurbi mai maiƙo da za a kama.

Mu a nan wannan ba baƙon abu ba ne, ko da ba mu san sunansa ba. Bairos ɗin shan inna girmansa wajen nanomita 30 ne. Ta baki yake shiga, ya tsallake tsamin ciki, ya sauka a hanji ya hayayyafa. Wannan hali nasa ne Albert Sabin ya yi amfani da shi ya yi rigakafin da ake ɗiga wa yara ɗigo biyu a baki, wanda aka yi ta yawo da shi gida-gida har aka tabbatar a watan Agustan 2020 cewa Afirka ta rabu da asalin bairos ɗin na daji. Da allura ce kaɗai, sai an nemi ma'aikacin jinya a kowace ƙofa. Wannan ya ishe mu sanin darajar maganin da ke bi ta baki.

Justin Hanes da ɗalibinsa Samuel Lai, su ma a Johns Hopkins, suka ce to bari mu yi wa ƙwallon roba irin wannan baya. Suka zaɓi wani sinadari da ake kira PEG, dogon zare mai son ruwa wanda ba shi da caji ko kaɗan. Ba sabon abu ba ne a harkar magani. Shi ne a cikin wasu magungunan sassauta bayan gida, tun 1995 akwai maganin daji mai suna Doxil da ke sanye da shi, kuma yana jikin 'yan ƙulle-ƙullen kitsen da ke cikin rigakafin korona na Pfizer da Moderna. Suka dasa gajerun zarensa a bayan ƙwallon, a cunkushe, babu inda robar ke leƙowa. Sakamakon ya fito a 2007, a gwajin da aka yi da majinar bakin mahaifa da wasu mata suka bayar don bincike. Ƙwallaye masu girman nanomita 200 da 500, da aka lulluɓe, tafiyarsu a majina ta gaza ta cikin ruwa da ninki 4 zuwa 6 kawai. Waɗanda ba a lulluɓe ba kuwa, ninki dubbai. Abin ya ba kowa mamaki, domin a lokacin an ɗauka abu mai girman 500 ba shi da ramin da zai bi. Ashe ramukan sun fi yadda ake zato faɗi, maƙalewa ce ta sa ake ganin kamar babu hanya.

Akwai wani abin dariya a ciki. Kafin wannan aiki, littattafan fannin sun jera PEG ne a cikin abubuwa masu manne wa majina, kuma masu faɗin haka ba ƙarya suka yi ba. A 2008 mutanen Hanes suka warware rikicin: gajeren zare a cunkushe yana sulɓewa, dogon zare kuwa yakan sarƙe da zaren miyusin ya riƙe. Daga baya suka ƙara gano cewa cunkoson ne ya fi tsawon muhimmanci. Ke nan sinadari ɗaya, ya danganta da yadda aka dasa shi. Shi ya sa idan na ji an ce wai an gano sinadarin da ke ratsa majina, nakan so in ji yadda aka jera shi tukuna.

A 2015 mutanen Hanes suka kai gwajin cikin hanjin ɓera. Ƙulle-ƙulle masu mannewa suka dunƙule a tsakiyar hanji, nesa da bango. Masu sulɓi suka bazu ko'ina, suka shiga har tsakanin 'yan tsiran nan. A Shanghai ma wasu suka nuna cewa siffa tana da tasiri: dogo mai kamar sanda ya fi dunƙulalle saurin ratsawa, don yana juyawa yana neman rami.

[Gajeren kiɗa]

To an ratsa majina. Sai aka ci karo da shinge na uku, kuma a nan ne aka ga an gudu ba a tsira ba.

Fatar ƙwayar halitta da kitse aka yi ta, kuma cajin bayanta negatif ne. Abin da take karɓa ta haɗiye shi ne mai maiƙo ko mai cajin fozitif, wato daidai abin da majina ke kamawa. Ƙullin da aka gyara don kada ya kama komai, idan ya iso bango shi ma ba ya kama shi. Ya zo bakin ƙofa ya tsaya. A tuna kuma insulin ba ƙaramin abu ba ne da zai silale da kansa: a ma'aunin masana nauyin ƙwayar farasitamol 151 ne, na insulin kuwa wajen 5,800. In aka sha shi haka nan, abin da ke isa jini bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba.

A ganina nan ne gwanintar take. Lulluɓin da ake nema shi ne wanda zai yi sulɓi a cikin majina, sannan ya canza hali a bakin bango.

A Jami'ar Sichuan ta ƙasar Sin, ɗakin binciken Yuan Huang ya fito da nasa a 2015. A ciki suka haɗa insulin da wani ɗan guntun furotin mai cajin fozitif wanda ya iya kutsawa cikin ƙwayar halitta. A waje suka yafa masa wani sinadari mai son ruwa, ba su ɗaure shi da ƙarfi ba. Yayin da ƙullin ke ratsa majina lulluɓin na zubewa a hankali, kafin ya iso bango ya rage daga shi sai abin kutsawarsa. Suga ya sauka a ɓeraye masu ciwon.

A Innsbruck ta ƙasar Ostiriya, Andreas Bernkop-Schnürch ya bi wata hanya da ta fi burge ni, don jikin mutum ne ke ƙarasa aikin. Ana maƙala wa bayan ƙullin sinadarin fosfet mai cajin negatif, sai miyusin, da yake shi ma negatif ne, ya ƙi kama shi. A bakin bangon hanji kuwa dama akwai wani sinadari da jiki ke yi wanda aikinsa yanke fosfet. Ƙullin na isowa sai a yanke masa, cajinsa ya juye zuwa fozitif a daidai inda ake buƙata.

Na uku ya koma ga darasin bairos kai tsaye. A 2020 Zhiqiang Cao na Jami'ar Wayne State a Detroit ya lulluɓe ƙullinsa da wani sinadari wanda kowane ɓangarensa ke ɗauke da fozitif da negatif tare. Ya ratsa majina, sannan ya shiga ta wata ƙofa da bangon hanji ke amfani da ita wajen ɗaukar abinci, ba tare da an buɗe haɗin da ke tsakanin ƙwayoyin bangon ba. Shi ma a dabbobi aka gwada.

Akwai kuma masu cewa a daina lallaɓawa, a yanka hanya kawai. Gwanda tana da wani sinadari mai narkar da furotin, shi ya sa ganyenta ke tausasa nama, abarba ma tana da irinsa. An maƙala waɗannan a bayan ƙulli don ya riƙa datse zaren miyusin yana wucewa. A 2022 ma Giovanni Traverso na cibiyar MIT ya nuna wani kwanso mai ɗan inji a ciki, wanda idan ya isa hanji yake juyawa yana share majinar wurin, an gwada shi a alade. Ni dai wannan hanya tana sa ni ɗari-ɗari. Mai ciwon suga ba sau ɗaya zai sha magani ba, kullum ne har ƙarshen rayuwa. Ku tuna ɓerayen da ba su da miyusin. A 2015 ma Benoit Chassaing da Andrew Gewirtz a Atlanta sun ba ɓeraye wasu sinadarai biyu da ake sa wa abincin kamfani don mai da ruwa su haɗu, sai aka ga bakteriya sun matso kusa da bangon hanji, kumburi ya biyo baya. Ƙofar da aka buɗe wa magani, bakteriya ma sun ganta. Wanda ya sulale ya bar majina yadda ya same ta ya fi kwanta mini.

Yanzu sai mu sauko ƙasa. Kun lura duk inda na ambaci nasara, ɓera ne ko alade ke biye. A jikin mutum, abin da ya kai kasuwa kaɗan ne.

Lulluɓi mai ratsa majina ya zama magani na gaske, amma a ido. Wani kamfani da ya tsiro daga aikin Hanes ya sami amincewar hukumar magunguna ta Amurka a 2018 kan maganin ɗigawa mai suna Inveltys, na kumburin ido bayan tiyata, domin ido ma yana da tasa majinar. Ta baki kuwa, babbar nasarar da aka samu ba ta ƙullin nano ba ce. A watan Satumban 2019 aka amince da Rybelsus na kamfanin Novo Nordisk na Denmak, ƙwayar semagulutayid ta masu ciwon suga nau'i na biyu. Ba insulin ba ne, kodayake shi ma ɗan guntun furotin ne. An haɗa shi da wani sinadari mai taimaka masa shiga ta bangon tumbi, kuma duk da haka wajen kashi ɗaya cikin ɗari ne ke isa jini. A allura miligiram 1 kan ishi mutum mako guda. A ƙwaya yana shan har miligiram 14 kullum, 98 ke nan a mako. Sai an sha shi da sassafe ciki babu komai, da ruwan da bai wuce mililita 120 ba, a kuma jira minti 30 kafin a karya.

Kamfanin ya gwada ƙwayar insulin ma. Ta saukar da suga a jikin mutane, amma sai an zuba sama da ninki 50 na abin da allura ke buƙata, suka lissafa kuɗin suka ajiye aikin. A watan Janairun 2023 kuma kamfanin Oramed ya sanar cewa kwanson insulin ɗinsa bai ci babban gwajin ƙarshe ba.

Ban da tsada akwai abin da ya fi tsada haɗari. Semagulutayid yana daɗewa a jini, in yau kaɗan ya shiga gobe da yawa, abin yakan daidaita. Insulin ba ya yafe irin wannan. In ya yi kaɗan suga ya hau, in ya yi yawa mutum ya faɗi sumamme. Hanji kuwa ba ya zama iri ɗaya. Wanda ya karya da koko daban da wanda ya ci ɗumamen tuwo da man shanu, mai azumi daban, mai gudawa daban. Furotin ɗin abinci da ruwan maɗaciya ma sukan dafe bayan ƙullin su ɓata lulluɓin da aka sha wahalar yi. Sannan an gano mutane da dama jikinsu ya riga ya yi garkuwa da PEG, abin da ya sa ake neman madadinsa.

Duk da haka ba za a daina nema ba, don akwai wata riba ban da hutun allura. Insulin ɗin da jiki ke yi da kansa hanta yake fara zuwa. Na allura kuwa daga ƙarƙashin fata yake bazuwa, hanta ta samu daga baya. Wanda ya shiga ta hanji zai bi jijiyar da ke kai wa hanta kai tsaye, kusan yadda Allah Ya tsara tun asali.

Kafin nan, mai allura ya ci gaba da allurarsa. Kada wani ya zuƙi insulin daga kwalba ya sha, narkewa zai yi kamar abinci. In kuma an kawo muku wani garin magani ko ruwa a kasuwa ko a WhatsApp an ce na fasahar nano ne, yana maye gurbin allurar suga, babu irin wannan da wata hukumar magani ta amince da shi.

In kun tambaye ni inda wannan fasaha za ta fara amfanar mutane a ciki, ba zan ce insulin ba. Zan ce cututtukan hanjin kansa, irin kumburin babban hanji mai sa bayan gida da jini. A can magani ba ya buƙatar ƙetare bango ya shiga jini, bangon ne majinyacin. Ratsa majina kaɗai ya isa, kuma a gwajin ɓeraye na 2015 an ga ƙulle-ƙulle masu sulɓi sun fi shiga wuraren da suka kumbura.

  

[Kiɗan rufe shiri]